Yadda Za Ki Rina Mayafi da Jar Giya Ba Tare da An Mayar da Ke Paris Ba

'Yar uwa, na yi miki alkawari. In kika bi matakan nan yadda na jera su, za ki samu mayafi mai launin da babu irinsa a kantunan Lyon, za ki rabu da kwalaben da kika ɓoye a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kuma ɗakinki zai ci gaba da zama ɗakinki. Hanyar an gwada ta. Duk wadda ta bi ta ta yi nasara. Mutum ɗaya ce ta bi ta zuwa yanzu, amma hakan bai rage komai ba.

Don sauƙin bayani, mu ɗauka sunanki Mutmainna, kina karatu a jami'a, kina zaune ke kaɗai a wani ɗan ɗaki a hawa na biyar a unguwar La Guillotière ta Lyon, gidan da babu abin hawa sai matakala. Mu ɗauka kuma Baba bai yarda da wannan zama ba sai da sharaɗi: yayarsa, Goggo Zouera, mai kantin shadda a La Goutte d'Or can Paris, za ta riƙa zuwa tana duba ki. Ranar da ta ga abin da bai kwanta mata ba, ranar za ki tattara ki koma gidanta, ki riƙa kwana tsakanin dilolin shadda, karatun kuma a ga yadda za a yi da shi.

In sunanki ba Mutmainna ba ne, ki yi haƙuri. Sauran duk naki ne.

Mataki na 1: Ki samo giyar ba tare da kin nema ba

Kada ki saya. Ke 'yar gidan mutunci ce, kuma babu buƙata.

Ki jira Sallar Layya. Ranar Inna za ta kira ki daga Damagaram, a gama gaisuwa, sai ta tambaye ki ko kin kai wa maƙwabta nama. Kada ki ce mata nan ba a yin haka. Ba za ta gane ba, ke ma da kin furta za ki ji maganar ba ta yi miki daɗi a baki ba.

Ki ɗauki soyayyen naman da matar Malam Nouhou mai kantin kusurwa ta aiko miki, ki zuba a langar da kika taho da ita daga gida, ki sauka hawa na biyu, ki ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar nan da kuke gamuwa wurin akwatin wasiƙu kuna ɗaga wa juna kai. Sunanta Madam Odile. Ki miƙa mata, ki ce bikinmu ne yau, ki juya kafin ta gama mamaki.

Bayan kwana biyu za ki ji taku a matakala, a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Ita ce. Ta kawo langarki a wanke cikin wani ɗan kwando mai mariƙi, kusa da langar kuma ga wata doguwar kwalba mai duhu. Za ta ce a ƙauyensu, can Beaujolais, ba a mayar wa mutum kwanonsa wofi. Ba za ki iya musa mata ba, don a garinku ma haka ne.

Giyar gonar dangin mijinta ce, wanda ya rasu. Za ta faɗi sunansa, Fernand, tana shafa wuyan kwalbar da babban yatsa.

Mataki na 2: Ki bar lokacin magana ya wuce

Akwai wani ɗan lokaci, bai fi na haɗiyar yawu ba, wanda a cikinsa za ki iya cewa ba kya sha. Ki tsaya ki kalle shi har ya wuce. Ki sa hannu biyu ki karɓa, yadda aka koya miki karɓar abu daga hannun babba, ki ce merci.

Masana sun tabbatar cewa duk "a'a" da ba a faɗa a ranar farko ba tana ƙara nauyi kowane mako, har ta kai mutum ɗaya ba ya iya ɗaga ta.

Yanzu ki duba hannunki. Kwandonta na wurinki. Ba za ki mayar da shi wofi ba, ba haka aka rene ki ba. Ki sa dubulan a langa, ki sa langar a kwando, ki sauka. Zai hawo da kwalba. Ki sa kilishi. Zai hawo da kwalba. Ki gwada abin da kike zaton ba za ta iya ci ba, dambun zogale da yaji mai yawa, ko Allah ya sa ta ja baya. Za ta cinye, ta ce ya buɗe mata hanci, ya hawo da kwalba.

Kafin sanyi ya shigo sosai, ƙarƙashin wurin wanke-wankenki zai cika har ki rasa inda za ki aje bokiti. Wannan alama ce mai kyau. Kayan aiki sun haɗu.

Mataki na 3: Ki kawar da sauran dabaru

Sha ba ya cikin zance, don haka mu wuce.

Kyautar da ita ga 'yan ajinku: kin tuna abin da aka koya miki a islamiyya game da mai sha da mai miƙa masa. Ban da haka, ranar da kika shiga aji da kwalba a jaka, ranar za ki haɗu da wani ɗan Maraɗi a tiram, jirgin ƙasan cikin gari, ya nace sai ya riƙe miki jakar.

Tuttularwa a rariya: ki gwada sau ɗaya. Za ki kai rabin kwalba, ki tuna yatsan nan da ke shafa wuyanta, ki tsaya da ita a hannu kamar an kama ki.

Babbar matsalar ma ba nan take ba. Duk lokacin da kuka gamu wurin akwatin wasiƙu, Madam Odile za ta tambaye ki ya ta yi. Ke kuma ba kya ƙarya. Ba kya faɗin gaskiya duka, amma ba kya ƙarya. Kina buƙatar amsar da za ki iya faɗa ki je ki yi salla da zuciya ɗaya. Rini ne kawai zai ba ki ita. Bayan rini kina iya duban idonta ki ce kin ƙarar da ita duka, har ɗigon ƙarshe, kuma launinta ya burge ki ƙwarai.

Za ta ɗan dube ki, ta ce ashe yarinyar akwai ƙoƙari. Daga nan kwandon zai fara hawowa da sauri. Kada wannan ya dame ki yanzu.

Mataki na 4: Ki tara kayan aiki

Farin yadi na auduga, tsawon mayafi. Akwai ragowar da Goggo ta ba ki bara ta ce ki ɗinka wani abu, ba ki ɗinka ba. Shi za ki ɗauko. Ki wanke shi tas, don yadin kanti yana da kauri da ke hana launi shiga.

Tukunya ta daban, wadda har abada ba za ta sake ganin shinkafa ba. Muciya ta daban. Alif, irin wanda ake kwantar da laka a ruwa da shi, akwai shi a kantunan Larabawan unguwa. Gishiri. Binegar, ruwan tsamin nan na kanti, kaɗan.

Safar hannu ta roba. In kin manta da ita, yatsunki za su yi mako suna da launin da ba na lalle ba, ba na zoɓo ba. In an tambaya, ki sa hannu a aljihu ki ce sanyi.

Mataki na 5: Ki buɗe kwalbar

A nan ne za ki gane ba ki da abin cire toshiyar. Ba ki taɓa samun dalilin mallakarsa ba. Ba za ki tambaya a kantin Malam Nouhou ba, don shi da Baba suna waya kowace Juma'a, kuma in labarin kasuwa ya ƙare sai su koma kanki.

Ki tsayar da kwalbar a ƙasa, ki riƙe ta da ƙafafu, ki ɗora ƙotar muciya a kan toshiyar, ki danna ta ciki da dukan nauyinki. Za ta ƙi, ta ƙi, sannan ta yarda gaba ɗaya. Wani ɓangare na giyar zai tashi sama ya tsaya a rufin ɗaki. Ki bar shi nan. Goge shi yana faɗaɗa shi ne kawai.

Ki jiƙa yadin a ruwan alif mai zafi har ya sha sosai, ki matse. Ki juye kwalaben duka a tukunya, ki watsa gishiri, ki tsiyaya binegar, ki tsoma yadin. Wuta kaɗan. Kada ya tafasa, ya dai riƙa hayaƙi yana motsi. Ki riƙa juyawa kamar mai talge, kina neman gafara a hankali. Ba ya cikin abin da launi ke buƙata, amma ba ya ɓata shi.

Mataki na 6: Ki yi yaƙi da wari, ki sha kashi

Ki buɗe taga duk da sanyin Disamba. Ki tusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ki kunna turaren wuta, na Barno mai ƙarfi wanda kike ɓoyon sa don ranar baƙi. Abin da za ki samu shi ne ɗakin da ke warin giya da turaren wuta tare, kamar an ɗaura aure a mashaya.

Warin zai bi matakala ya sauka hawa na biyu. Lokacin bikin fitilu ne, duk tsakiyar gari ana dafa jar giya da kayan ƙamshi ana sayar wa masu yawo. Madam Odile za ta ɗauka abin da kike yi ke nan. Za ta hawo da kirfa da lemo biyu, ta ce in babu su ba ta daɗi.

Ki karɓa da hannu biyu. Kin riga kin saba.

Mataki na 7: Ki yi kuskuren kanwa

In yadin ya daɗe a tukunya zai yi ja mai duhu, kyakkyawa, irin jan da duk wanda ya zauna Faransa shekara ɗaya zai gane daga ƙetaren titi. Za ki tsaya kina kallonsa kina tunanin yadda za a yi. Kina cikin tunanin, hannunki zai tafi wurin kwalbar kanwa da kansa. Kada ki hana shi. Mu mutane ne da in tukunya ta gagare mu, sai mu jefa mata kanwa. Wake ya ƙi nuna, kanwa. Miya ta yi tsami, kanwa. Babu dalilin da zai sa giyar Beaujolais ta tsira.

Tukunyar za ta yi kumfa, ta yi wani irin huci, jan nan ya ɓace a gaban idonki. Abin da zai maye gurbinsa ba shi da suna. Ba ruwan toka ba ne, ba shuɗi ba ne, yana ɗan taɓa makuba in haske ya faɗa masa ta gefe. Ya yi kama da sararin Damagaram lokacin da hadari ya haɗu amma bai yanke shawara ba.

Ki kashe wuta, ki bar yadin ya huce a ciki. Kada ki gaya wa kowa kuskure ne.

Mataki na 8: Ki ɗauraye, ki shanya, ki ɓatar da shaida

Ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki sake, ki sake, har ruwan ya fita fari ƙal. Ki shanya a inuwa, cikin ɗaki, don rana tana cin irin wannan launi, maƙwabta kuma suna da tagogi.

A nan wata tambaya za ta zo ta zauna miki: shin mayafin ya tsarkaka? Ni ba malama ba ce. Kina iya tambayar limamin unguwa ki ce wata ƙawarki ce abin ya faru da ita, amma liman surukin Malam Nouhou ne, kuma duk unguwar an san ba ki da ƙawa. Don haka ki yanke wa kanki hukunci mai sauƙi: har sai kin samu wanda ya sani, ba za a yi salla da mayafin nan ba.

Saura kwalaben wofi. Akwatin zubar da gilashi na unguwarku yana daidai gaban kantin Malam Nouhou, kuma duk kwalbar da aka jefa sai ta yi ƙarar da ke sa mutum ya ɗago kai daga sikeli. Ki sa kowace kwalba cikin safa, ki jera su a jakar makaranta, ki hau tiram har inda kika daina jin Hausa. Kada ki nufi Rillieux-la-Pape. Can ma akwai namu.

Mataki na 9: Ki tarbi Goggo

Ba za ta ba ki dogon notis ba. Za ta kira daga cikin jirgin ƙasa ta ce ta kusa tashar Part-Dieu, kada ki wahalar da kanki da girki. Ma'anarsa ki yi girki.

Za ta iso ana yayyafi, mayafinta a jiƙe, ta hau benen tana ambaton Allah a kowane hawa. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda ya kamata: hanya, gajiya, sanyi, kasuwa, mutanen Paris ɗaya bayan ɗaya. Kada ki gajarta kamar a waya. Tana amsawa idonta na yawo.

Goggo ba ta bincike. Gishiri kawai take nema. Za ta neme shi a firijo, a ƙarƙashin gado, a cikin akwatin kayanki, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda za ta tarar da bokiti shi kaɗai cikin fili mai yawa. Za ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon tabon rufin ɗaki. Ki ce da kika kama ɗakin fari ne. Gaskiya ce, sai dai gaskiyar ba ta bayyana komai ba.

Sannan za ta ga mayafin a bayan kujera. Mace ce da ta shekara ashirin da wani abu tana taɓa yadi. Za ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai shi bakin taga, ta juya shi.

"Wannan ba yadin da na ba ki ba ne?"

"Shi ne, Goggo."

"Wa ya rina miki?"

Ki ce ke ce. Za ta tambaya da me. Ki ce da inabi da kanwa. Za ta ce ita dai ta ga rinin Mali, ta ga na Kano, ta ga na injin Turawa, ba ta taɓa ganin wannan launi ba, kuma ta san mata uku a unguwar Château-Rouge ta Paris da za su yi faɗa a kansa. Ki sunkuyar da kai. Wannan ne karo na farko da ta yabi wani abu da kika yi, kuma ba za ki iya jin daɗinsa ba.

Mataki na 10: Ki yi magana, sau ɗaya

La'asar na saurin yi a lokacin sanyi. Goggo za ta yi alwala, ta taɓa mayafinta da ke rataye a ƙofa ta ji har yanzu da lema, ta juya ta ɗauki naki. Za ta yafa, ta gyara shi a haɓa, ta hau darduma ta fuskanci kusurwar firijo.

Ga lissafin, ki yi shi da sauri. In kika yi shiru, ɗakin naki ne, karatun naki ne, gobe ta koma Paris ta gaya wa Baba alheri. In kika yi magana, kin san sauran. Babu wanda zai taɓa sani in kika yi shiru. Matar dai yayar ubanki ce, ta tsaya gaban Ubangijinta da abin da kika miƙa mata.

Hannayenta za su fara tashi.

"Goggo, kada ki tada salla da wannan."

Muryar za ta fito ƙarama, amma ɗakin ma ƙarami ne. Za ta sauke hannu ba tare da ta juyo ba, ta tambayi dalili.

"Inabin ya daɗe a kwalba, Goggo."

Za ta cire mayafin a hankali, ta kai shi hanci, ta ninke shi ta aje can nesa da darduma. Ta sake wanke hannu, ta yafa jiƙaƙƙen nata, ta yi sallarta cikin natsuwa, ta yi addu'a mai tsawo wadda kike zaton rabinta a kanki ne. Da ta shafa sai ta ce ki sauko da akwatinki, gobe tare za ku tafi.

Ki yi bayani. Ki faɗi naman layya, da langa, da kwando, da Fernand. Ki rantse ko ɗigo bai taɓa harshenki ba. Za ta ce wannan ta yarda, da kin sha da ba ki yi wannan wautar ba. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a bar yarinyar da ba ta iya cewa a'a ita kaɗai a gari.

"Ke Mutmainna, baki gare ki ko ba ki da shi? Non. Kalma ɗaya ce, ɗan Bature ma da ita yake fara magana. Ni kullum sai na faɗe ta. Na faɗa wa dillalai, na faɗa wa mai gidan kanti, na faɗa wa ubanki."

Ki sauko da akwatin. Ki fara ninke kaya.

Mataki na 11: Ki buɗe ƙofa, ki koma gefe

Kina ninke kaya za ki ji takun nan a matakala, a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Goggo za ta tambaya wane ne. Ki ce ita ce. Za ta miƙe ta gyara ɗaurin zane, ta ce to, ki tsaya ki ga yadda ake yi.

Madam Odile za ta tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a jikin bango, tana neman numfashi. Ta sa kwalliyar fita, har da ɗan kunne. Ta ji an ce danginki sun zo, shi ya sa ta hawo. Goggo za ta gaishe ta da Faransancin kasuwa, ta tambayi lafiyarta, da gida, da sanyi, da ƙafa. Tsohuwar ba ta saba a tambaye ta abu huɗu a jere ba, sai ta amsa kowanne da gaske.

Sannan za ta ce tun da Fernand ya rasu, babu wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa sai mai duba mita, sai ranar da yarinyar nan ta zo da nama a kwano. Ta ce duk wanda ya rene ta ya iya reno. Ta ciro kwalba daga kwandon, mai ƙura a kafaɗa. Ta ce wannan ta shekarar ƙarshe ce da Fernand ya tsinki inabi da hannunsa, ita kaɗai ta rage, ta daɗe tana jiran baƙon da ya cancance ta.

Za ta miƙa wa Goggo da hannu biyu.

Ki kalli Goggo da kyau, don ba za ki sake ganin wannan ba. Kalmar za ta taso mata har maƙogwaro. Bakinta zai buɗe. Za ta dubi kwalbar, ta dubi ɗan kunnen, ta dubi matakalar da matar ta hawo.

Za ta sa hannu biyu, ta ɗan rage tsawo.

"Merci, Madame. Allah ya ji ƙan maza."

Mataki na 12: Kada ki ce komai

Wannan shi ne mataki mafi wuya, amma ke kin daɗe kina horo a kansa.

Bayan an rufe ƙofa, Goggo za ta aje kwalbar a tsakiyar tebur, ta je ta wanke hannu har gwiwa, ta dawo ta zauna a bakin gado. Ku biyu ku yi ta kallon kwalbar. Kada ki yi murmushi. Kada ki dubi akwati.

Can za ta tambaya ko kullum haka matar take hawowa da wannan numfashi. Ki ce kullum.

"Daga yau ke za ki riƙa sauka ki karɓo. Ba a barin tsohuwa tana hawan bene."

Ki ce to. Ki lura da abin da aka gaya miki, amma kada ki nuna kin lura.

Idonta zai sauka kan kwandon da ke ƙasa, babu komai a cikinsa.

"To, me za mu sa mata a ciki?"

Kada ki ba da shawara. Za ta buɗe jakarta ta ciro farar shadda mai nauyi, samfurin da ta taho da shi don nuna wa wata mai kanti, ta ce kayan mamaci ne, ba a zuba shi a yadin banza, kuma ita matar ba salla za ta yi da shi ba, tebur za ta shimfiɗa wa. Ta ce ki ɗora tukunyar. In kika ɗauko muciya don danna toshiya, za ta karɓe kwalbar, ta nemi ƙusa mai murɗi da cokali mai yatsu, ta zare toshiyar a tsanake ba tare da ɗigo ya zuba ba. Kada ki tambaye ta inda ta koya.

Tukunya na hayaƙi za ta kira Baba. Za ta ce ɗiyarsa na nan lafiya, ɗakin tsaf, tana da maƙwabta na gari kuma ta san haƙƙinsu. Ta ce yarinyar ta ɗan fara rini, sai dai hannunta na da nauyi a kanwa.

Washegari, kafin jirginta, ku sauka tare da shaddar a ninke cikin kwando, Goggo ta kalmashe bakinta da allura tun da safe. Ita za ta yi bayani, a taƙaice: giyar Fernand ce. Madam Odile za ta shimfiɗa ta a tebur, ta daɗe tana shafawa da tafin hannu. Ta ce mutumin nan ya shekara arba'in yana ɓata mata shimfiɗar tebur da wannan abu, bai taɓa zuwa mata a rai a yi shi da gangan ba. Sannan ta juyo ta tambaye ki ko dama ba kya sha.

Ki ce, "Non, Madame."

Za ki ji kalmar ba ta da nauyi ko kaɗan. Kada ki yi mamaki. Mutum biyu ne suka ɗaga ta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba marina ba ce, ba malama ba ce, kuma ba ta san kowace Mutmainna ba. Ba ta ba da fatawa a kan tsarkin mayafi ba, ba ta ce launin zai jure wanki ba, don ba zai jure ba. Tabon rufin ɗaki tsakaninki ne da mai gida. In Goggonki ta fi wannan taurin zuciya, ki gaishe mini da dilolin shadda.

In kuma kika sauka bayan mako guda don karɓo kwandon, kika tarar da kwalba biyu a ciki, da fararen labule, da rigunan filo, da wata takarda mai ɗauke da sunayen tsofaffi uku na hawa na ɗaya da su ma suke da fararen kaya, ba ruwana. Ki sa hannu biyu.